Daga Salaga Zuwa Bawku da Motar da Ba Tawa Ba

Cikin manyan hanyoyin da suke hawa arewacin Gana akwai guda biyu. Akwai wadda kowa ya sani, ta kwalta, da ta taso daga Kumasi ta bi Techiman da Kintampo, ta ratsa Tamale, ta wuce Bolga har Paga. Akwai kuma ta gabas, wadda gwamnati ta sa wa lamba N2. Ita daga Tema ta taso, ta bi Hohoe da Nkwanta, ta shigo Bimbilla da Yendi, ta haura Gushegu da Nakpanduri, ta gangara Garu da Bawku, ta ƙare a Kulungugu, bakin iyakar Burkina. Abincina yana kan ta biyun ne, da ƙananan hanyoyin da suka rataya a jikinta: doya a ƙasar Salaga, ƙwaran kaɗe da waken suya a ƙasar Yendi, albasa a Bawku. Manyan motoci ne suke kwasar kayan. Abin da ni nake bukata shi ne abin hawan da zai kai ni ƙauye da sikeli da buhuna da yara biyu, ya dawo da ni a ranar, ko da an kwana ana ruwa.

A ƙarshen daminar da ta wuce wani aminina na Tamale, wanda muka fara tallan goro tare tun muna samari, ya sa motarsa a kasuwa don yana so ya ƙarasa gini. Prado ce, ƙirar da kanikawa suke kira 120, wadda Toyota ya yi tsakanin 2002 da 2009. Tasa ta 2008 ce, fara, injin dizal D-4D, giya otomatik. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin jarin da nake juyawa a kaka. Ya ce, "Alhaji, kada ka saya da kunne. Ga makulli, ga direbana. Zuba mai ka yi zagayenka da ita, in ka gama ma yi magana." Ba kowane mai sayarwa yake yin haka ba, kuma wannan karamcin shi ya ƙara wa maganar nauyi, domin wanda ya ba ka motarsa kwana tara, da wuya ka dube shi ka ce ba ka so.

Duk wanda na gaya wa, amsa ɗaya ce: Prado ai ba ta mutuwa, sayen nagari mai da kuɗi gida. Ni ma da wannan na tashi.

Daga Tamale zuwa Salaga kilomita 120 ne ko kusa da haka. Duk Bahaushen da ya shiga Salaga ya kamata ya ɗan rage gudu, don garin kakanni ne. Nan ce Gwanjar da ake faɗa. Nan ayarin Kano da Katsina da Sakkwato suke sauke kanwa da fatu da tufafi, su ɗauki goron Asante su juya, tafiyar wata biyu ko uku kowace fuska. Har yanzu sunayen wurare da Hausa suke: Wankan Bayi, Rafin Angulu. Sunayen kansu sun isa su gaya maka cewa ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar nan ba. Rijiyoyin da aka haƙa a dutse suna nan birjik, wasu har yau ana ɗibar ruwa a ciki.

Abin da yake ba ni tsoro a tarihin Salaga, a matsayina na ɗan kasuwa, shi ne yadda hanya ta riƙa guje mata. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, su kuma Asante suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni, Kintampo ta tashi. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke, fatake suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da sauransu. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, yana cikin waɗanda suka bar garin a lokacin. Duk da haka hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta nan ta ci gaba da bi, ta Yeji. Sai aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika ya raba Yeji da Makango, babbar hanya ta koma Kintampo da Buipe. Yau in kana Salaga kana son wani abu daga Kumasi, ko dai ka zagaya ta Tamale, ko ka je Makango ka jira jirgin fito. Ku riƙe wannan, don zai dawo cikin lissafin mota.

Kwana uku muka yi muna shiga ƙauyukan doya. A nan dai, gaskiya, motar ta yi abin da aka ce tana yi. Prado ta wannan ƙirar kullum da ƙafa huɗu take ja, kuma tana da ƙaramar giya ta laka da wurin kulle tsakiya don gaba da baya su ja tare. Akwai wani fadama da ruwa ya cinye hanya, har wata motar doya ta kafe ana ta tura mata itace ƙarƙashin taya. Direban ya sa ƙaramar giya, ya bi gefe a hankali, muka fita kamar ba a yi ba. Gargadar hanyar burji da take karya mini baya a tsohuwar a-kori-kurata, a nan sai dai ka ji ta daga nesa. Yaran da nake tafiya da su har barci suka yi.

Amma tun a ƙauye na biyu na lura da wani abu. Manomin da muka shekara shida muna ciniki, da ya ga abin da na fito daga ciki, sai ya gyara tsayuwa. Kwaryar doya ɗari da muka saba daidaitawa cikin gaisuwa, ranar sai da muka ɓata rabin sa'a. A Gana duk babbar mota irin wannan V8 ce a bakin mutane, ko da injinta silinda huɗu ne, kuma V8 motar ɗan majalisa ce ko ta minista. Ba ya laifi. Ni ma in na ga mai saye ya zo a haka, ba zan fara da farashin jiya ba.

Da yamma a Salaga na zagaya wajen masu gyara, ban ce musu komai ba, na dai duba abin da ke buɗe a gabansu. Hiace, Hilux, Kia ta ɗaukar kaya, tarakta, da motoking ba iyaka. Na tambayi mai shagon kayan gyara ko yana da filtar dizal ta motar nan. Ya ce ta man inji akwai, ta dizal kuwa sai an aiko daga Tamale, gobe in an dace da mota. Injekta fa? Ya yi dariya ya ce, "Wannan sai Magazin." Yana nufin Suame Magazine ta Kumasi, inda kanikawa da masu kayan gyara suka tare tun shekaru da yawa. Wato bayan tafki.

Muka kama hanyar Bimbilla, muka haye kogin Daka. A wani ƙaramin gidan mai a hanya muka ƙara dizal. Daga Bimbilla hanya ta yi kyau, muna ta gudu, sai dab da Adibo wata fitila ta kama a gaban direba. Adibo nan ne Dagomba suka tari Jamusawa a 1896, bindigar toka da kibiya a gaban bindigogin Turawa, aka yi musu ɓarna mai yawa, Yendi ta shiga hannun Jamus har zuwa yaƙin duniya na farko. Ban samu tsayawa ba a wannan karon, hankalina yana kan fitila. Direban ya ce alamar ruwa ce a filtar mai, mu lallaɓa zuwa gari.

A Yendi ina da tsohon bakanike, ko fita kamar yadda ake cewa a nan, wanda ya yi koyo a Magazin tun ina saurayi. Masta muke ce masa. Ya sa yaronsa ya kwance ƙasan filtar, ya tara kwalba. Abin da ya fara fita ruwa ne, kusan rabin kofin shayi, sannan dizal ya biyo. Ya ɗaga kwalbar ya nuna mini yadda suka rabu.

Ya ce, "Alhaji, motar ba ta yi laifi ba, ita ce ma ta faɗa maka. Inda kuka sha mai, tankinsu ya sha ruwan sama. Saye za ka yi?"

Na ce ina dai dubawa, kuma kowa ya ce Prado ba ta mutuwa.

Ya ce, "Wace Pradon? Riga ɗaya ce, amma mutane da yawa ne suke sa ta."

Nan ya zaunar da ni a benci ya yi mini karatun da ya fi duk abin da na ji a kasuwa amfani. A ƙirar 120 akwai injin fetur 2.7, wanda ake kira 2TR, mai sarƙa maimakon bel, irin wanda ke cikin Hiace da Hilux na fetur. Akwai babban fetur V6 mai lita 4, ƙarfi kamar me, shan mai ma haka. A dizal kuma uku ne, duk lita 3. Akwai 1KZ mai tabo, wanda ba ya son zafi ko kaɗan: in lagireto ta toshe ka ci gaba da tafiya, kan inji ne zai biya. Akwai 5L, wanda ba shi da tabo, ƙarfin dokinsa bai kai 100 ba, ɗan gidan injinan da suka cika tashoshin Gana a cikin Hiace. Sai wannan na aminina, 1KD, wato D-4D, mai ƙarfin doki sama da 160, ga ƙarancin shan mai.

Bambancin yana wajen yadda mai yake shiga inji. D-4D kwamfuta ce take ba da umarni, famfo yana matsa man da ƙarfin gaske, ya fesa shi ta ƙofofin da kaɗan suka fi silin gashi faɗi. Shi ya sa yake da ƙarfi, shi ya sa kuma ba ya haƙuri da ruwa ko ƙura. Masta ya ce man ƙasar ya gyaru tun 2017, da gwamnati ta rage farar wutar da aka yarda da ita a dizal daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan, amma doka ba ta bin mai har cikin tankin ƙauye da jarkar bakin hanya. Ya ce, "In ka riƙe shi da mai mai kyau da filta ta asali, zai kai ka inda ba ka zata ba. Amma ranar da injekta ta nemi gyara, ni ba ni da na'urar gwada ta. Sabuwa ma in an ɗaura, sai an shigar da lambarta a kwamfutar motar. Zan sa ka a bayan wata motar ne zuwa Tamale, in ba a dace ba Kumasi. Shi kuwa 5L, ko da fitilar waya zan buɗe shi a nan, kayansa kuma suna bayan tasha."

Na tuna abin da tsofaffinmu suke faɗa game da ayari. Madugu yana iya hawa doki, amma kaya a bayan jaki suke, domin jaki yana cin abin da ya tarar a hanya, doki kuwa sai an ɗauko masa dawa da kanwa. Yendi ma zango ce a wancan zamanin, ga masu fitowa ta Sansanne Mango su nufi Salaga. Kabarin Babatu, jarumin Zabarmawa, yana cikin garin. Fadar Gbewaa kuma, wadda ta ga tashin hankalin 2002 da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani II, ta samu sabon sarki a Janairun 2019, Ya-Na Abukari Mahama II, kuma duk mai ciniki a Yendi ya ga bambanci tun daga lokacin.

Tunda mota ta shiga hannunsa, na ce Masta ya duba ta duka. Ga mai niyyar sayen irinta, abin da ya yi ke nan. Ya shiga ƙarƙashi da guduma yana ƙwanƙwasa shasi, domin motar da ta zauna a ƙasashen ƙanƙara gishirin hanya yana cin ta daga ƙasa, fenti kuma yana ɓoyewa. Ya hana a tashe ta da safe sai yana tsaye, don ya ji ƙarar inji da sanyi ya ga launin hayaƙi. Ya zaro sandar man giya ya sansana. Ya tambayi yaushe aka canja bel ɗin cikin inji, wanda ake sauyawa a kilomita 150,000, ya kuma ce kada in yarda da mita, in dubi yadda sitiyari da takalmin birki suka cinye. Sannan ya ce in haɗa lambar shasi da ta takardar kwastan da ta DVLA harafi bayan harafi, don motar da ta shigo ta iyaka ba a biya mata diyuti ba, ranar da aka kama ta, wanda take hannunsa ne zai yi kuka. Motar aminina ta haye duka. Mutum ne mai riƙon abu.

Wani abu kuma da ya kamata mai sayen lita 3 ya tuna: a 2018 gwamnati ta sa harajin shekara a kan duk motar da injinta ya kai cc 2,950, aka ce harajin motocin alfarma ne. Duka dizal ukun nan sun faɗa ciki, har 5L da ko akuya ba ya iya tserewa a hawa. An janye shi a 2019, amma abin da aka taɓa yi ana iya sakewa.

Daga Yendi muka bi Gushegu da Gbintiri zuwa Nakpanduri. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin dutsen Nakpanduri ba, ya yi ƙoƙari ya tsaya ko sau ɗaya. Ƙasa ce take yankewa a gabanka, ka hangi filin Garu shimfiɗe can ƙasa, kore shar a ƙarshen damina, da gidajen laka jefi-jefi cikin gero. Hanyar tana lanƙwasa tana gangarawa. Direban ya mai da giya ƙasa ya bar inji yana riƙe motar, bai dafa birki da yawa ba. A tsakiyar hawan mun wuce wata babbar mota da ta tsaya, an buɗe gaba, yaron mota yana kai mata ruwa a galan. A irin wannan wurin ƙarfin D-4D abin so ne, ba zan ɓoye ba. Da 5L, in za ka hau cike da mutane, sai ka yi ta salati a giya ta biyu.

Bawku kasuwa ce tun asali. Burkina tana arewa ta Kulungugu, inda aka jefa wa Kwame Nkrumah bam ranar 1 ga Agusta 1962, Togo tana gabas ta Pulimakom da Cinkassé. Kasuwar tana ci duk bayan kwana uku, kuma albasarta ta san hanyar Kumasi da Akara. Amma kowa ya san halin da garin yake ciki. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya girmi yawancinmu, ya sake tashi a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fita, akwai lokacin da aka hana hawa babur, har da sa rigar fugu. An ɗora wa Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, aikin sasanci. Mu baƙi ba mu da baki a ciki, sai addu'a. Allah ya kawo ƙarshensa.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne, a Bawku kalmar "mota mai aminci" tana da wata ma'ana. A kowane shinge sai an leƙo an tambaya motar wa ce, wa ke ciki. Mai masaukina a zango, da ya ga mun tsaya a ƙofarsa, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Alhaji, a shigo da ita ciki, a rufe ƙofa. Kada a ce wani babba ya sauka a gidana." Shekara ashirin ina sauka a gidan nan da a-kori-kura, ba wanda ya taɓa ɗaga kai. A garin da ake kallon kowa ana tambayar na wane ɓangare ne, ɗan kasuwa ya fi son a ganshi a manta. Ga kuma lokaci: in dokar hana fita ta kusa, motar da ta tsaya maka a hanya, ko da laifin mai ne ba nata ba, ba za ka so a ce maganinta yana Tamale ba.

A daren na zauna da takarda. Na rubuta abin da motar ta yi mini cikin kwanakin nan, yana da yawa. Na rubuta kuma abin da zan yi asara in ta tsaya mako guda a tsakiyar kaka tana jiran kaya daga Kumasi, da kuɗin kayan kansu, waɗanda da dala ake shigo da su. Wanda ya ga 2022, da sidi ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamba, litar dizal ta wuce sidi 20, ba zai raina wannan layin ba. Da a ce aikina tsakanin Tamale da Kumasi ne, a kan kwalta, ina shan mai a manyan gidajen mai, da ban kwana ban biya ba. Amma nawa aikin a gabas yake, inda Masta da irinsa ne asibitin mota.

Da safe na kira aminina na gaya masa yadda yake, na kuma ce akwai wani mai kai shanu Kumasi da ya daɗe yana neman irinta, zan haɗa su. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in dai cika masa tanki kafin in dawo.

Kiran da ya fi wuya shi ne na gida. Uwargida ta riga ta gaya wa 'yan'uwanta, kuma tana da hujja: mahaifiyarta tana zuwa asibitin ido na Bawku, tsohuwa kuma ba ta iya hawa a-kori-kura. Ta ce, "Alhaji, wato dai jakin za ka sake saya mana." Na ce jaki ne, amma mai rigar doki: Prado ɗin dai, ƙirar dai, sai dai injin 5L da giyar hannu, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji na Tamale suke sayarwa in sun gama aiki da su. Kuma ba fara ba in da hali. Ta ce ta ji, da sharaɗin na'urar sanyi tana aiki, kuma a samu kafin azumi. Na bar wa Masta saƙo ya sa kunne, kuɗin kuma na tura rabinsa Yendi a fara auna mini ƙwara kafin farashi ya tashi.